Hailala Dubu Saba'in da 'Ya'yan Tsamiya

Ban taɓa zama a aji ba. Idan ka zana mini lamba a takarda, sawun kaza nake gani. Amma ka faɗa mini ita da baki, ka ce mutum nawa za su raba, kafin ka laluɓo wayarka a aljihu na gaya maka ko za ta yarda ko za ta ƙi, na kuma gaya maka abin da za ta bari a ƙasa.

A wurin Innarmu na koya. Ita mata ke kira a ƙauyenmu, can wajen Yargalma, idan an yi rasuwa za a yi wa mamaci hailala dubu saba'in. Al'adarmu ce: mata su zauna a tsakar gida, su raba La'ilaha illallahu sau dubu saba'in a tsakaninsu, a ba mamaci ladan, da fatan Allah ya 'yanta shi daga wuta. Na san yanzu akwai samarin da ke cewa abin ba shi da tushe. Su je su yi da malamai. Ni haka na tarar, haka kuma na yi wa duk wanda na binne.

Inna ba ta cewa dubu saba'in, zambar saba'in take cewa, irin ƙirgan mutanen da. A wurinta kowace lamba da halinta. Akwai cika, wadda ke rabuwa biyu ba saura. Akwai mara, wadda ke barin ɗaya tsaye shi kaɗai. Akwai masu dangi da yawa, irin su sittin, kowa ya zo sun san shi. Akwai marasa dangi, bakwai, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, waɗanda ba su rabuwa ga kowa sai ka tara mutane daidai yawansu ka ba kowa ɗaya ɗaya. Dubu saba'in cika ce, kuma tana da haƙuri. Ka raba ta biyu, ka sake, ka sake, ka sake, sau huɗu tana yarda, sai ta kai dubu huɗu da ɗari uku da saba'in da biyar ta tsaya ta zama mara. Ta yarda da biyar, ta yarda da takwas, ta yarda da goma. Mata bakwai, kowa dubu goma. Mata sha huɗu, kowa dubu biyar. Uku ce ba su jituwa, da duk abin da uku ta haifa. Mata uku, za ta bar ɗaya a ƙasa. Mata shida, ta bar huɗu. Mata tara, ta bar bakwai. Wannan saura Inna ke ɗauka ta faɗa da bakinta tun kafin kowa ya fara, don kada a tashi a manta.

Da tsakuwa take ƙirga. Ni ma da ita na fara, amma tun shekarar da anka kwashe ƙasar gidaje saboda gubar dalma ban sake tsintar dutse a tsakar gida ba. Na koma 'ya'yan tsamiya. Ɗari a ƙoƙo. Duk hailala ɗaya, ƙwaya ɗaya ta bar ƙoƙo ta sauka a faifai. Ƙoƙo ya ƙare, a ajiye tsinken tsintsiya ɗaya a gefe, a juye a sake. Tsinke ɗari bakwai, an cika. Kuma ana ƙirga 'ya'yan tsamiyar kafin a fara, a sake ƙirga su idan an tashi.

Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, a Anka ta yi aure, ni ma can na ƙare, gida huɗu tsakaninmu. Ba mu yi kama a hali ba. Ita mai dariya ce, mai yafe wa kowa, mai tuyar ƙuli-ƙulin da rabinsa ke tafiya a kyauta. Ta daɗe tana jinya. Wata rana da yamma ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce:

"Yaya, in na riga ki, ke za ki tsaya a kan dubu saba'in ɗina. Na san halin matan yanzu, gaggawa gare su. Ni kuma na san abin da na ɗauko."

Na ce, "Mi kika ɗauko, ke da ko kaza ba ki iya kora?"

Ta ce, "Ki dai ce kin ɗauka."

Na ce na ɗauka. Ana tsakiyar damina ta rasu.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika. 'Yan'uwa sun zo daga Gummi, wasu daga Bukkuyum, mota biyu na jiransu a ƙofar gida, kuma kowa ya san dole su tashi da azahar, don ba mai son la'asar ta same shi a kan hanyar nan. Maza sun yi addu'a da safe a waje. Anka raba gumba da waina. Sai da hantsi ya yi sosai munka samu zama, mu mata tara.

Ɗan ƙanwata, babban ɗanta, mai injin niƙan dutsen zinari ne, yana da hali, yana kuma son uwarsa. Matarsa malamar firamare ce, Malama muke ce mata. Ita ta yi jinyar ƙanwata, ta yi wankin kashi da fitsari ba ta taɓa yamutsa fuska ba, wannan zan shaida ko gaban wa. Ita ce ta fito da leda cike da wasu 'yan abubuwa kamar zobe, na roba, kowane da ɗan gilashi mai nuna lamba da maɓallin da ake dannawa da babban yatsa. Kaunta suke ce masa. Mijinta ya sayo daga Gusau don wannan rana.

Ta danna waya ta ce, "Mu tara na. Kowa dubu bakwai da ɗari bakwai da saba'in da bakwai, da ɗigo bakwai bakwai..."

Na ce, "Ba ɗigo. Ba a yanka La'ilaha. Bakwai ta rage a ƙasa, ni zan ɗauka."

Ta dubi wayar, ta dube ni. Taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda mun tsufa muna tsokanar juna, tana zaune kusa da turmi da goro a kunci. Ta ce, "Malama, aje wayar ga. Wagga tsohuwa ko ƙudan da ke bisa tuwo ta san yawansu. Mijinta ma ƙirga shi ta yi har ya ƙare."

Anka yi dariya, ta farko a gidan tun rasuwar. Malama ta miƙo mini kaunta da hannu biyu. Na ce ta bar shi, na zo da ƙoƙona.

Na faɗi bakwai ɗin nan da ƙarfi kowa ya ji. Munka fara.

Ni idona ba ya zama wuri ɗaya, haka Allah ya yi ni. Ina jefa ƙwaya ina kallo. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, tsakar gida ta ɗauka, kamar kaji a kan faifan gero. Mace ta shigo gaisuwa, ta ce ya haƙuri, a amsa mata, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya ba da lada, ya gida, ya yara, yaushe kunka iso, yatsu kuma ba su tsaya ba. Ɗaya na ba ɗanta nono tana masa magana, yatsa na aiki. Taubashiyata na tauna goro, yatsa na aiki. Wata baƙuwa daga Gummi, wadda ta taso tun asuba, gyangyaɗi ya ɗauke ta, kanta ya sauka a ƙirji, na rantse da Allah yatsanta bai daina ba. Ba wadda ta yi nufin ha'inci. Yatsa ne ya samu abin da ya fi baki sauƙi, ya wuce ya bar shi a baya.

Inuwar katanga ta janye daga turmi ta koma gindin randa. Na duba gefena, tsinke ashirin da huɗu. Dubu biyu da ɗari huɗu ke nan, ni da na fi shekara hamsin ina wannan aiki, ban sha ruwa ba, ban amsa gaisuwar kowa ba. Sai ga ɗaya ta ce ta gama. Wata ta ce ita ma. Malama ta bi su ɗaya ɗaya tana duba gilashi, duka takwas sun kai, wasu har sun wuce.

Ta durƙusa gabana ta ce, "Inna babba, nawa ya rage naki? Mu raba mu ƙarasa maki, direbobi na ta aiko."

Na ce, "Ku ƙarasa da mi?"

Na jawo ƙwaryar da ke kife kusa da ni. Na ce wa taubashiyata, "Ke, tofar da goron ga. Zan buga maki yadda yatsanki ke tahiya, na ji shi tun ɗazu. Ki bi ni da baki. Duk bugu ɗaya, La'ilaha illallahu ɗaya, cikakkiya."

Ta ce, "Buga mu gani, sarkin fitina."

Na fara bugawa da ɗan yatsa, daidai saurin da na ji. Ta bi ni sau uku, a na huɗu harshenta ya harɗe, sai la'ila, la'ila, lalla ke fita. Ta sake gwadawa, ta sarƙe da yawu, ta hau tari. Mata sunka fashe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba. Kowa ta dubi abin da ke yatsanta.

Malama ta ce, a hankali, "Ai da zuci ake yi, Inna babba. Allah ya san niyya."

Na ce, "Ya san niyya, ya kuma san ƙirga. An ce dubu saba'in, ba a ce kusa da ita ba. Wadda ke barci, da wace zuciyar ta yi?"

Baƙuwar Gummi ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga hakan, ban janye ba.

Daidai nan ɗan ƙanwata ya yi sallama daga bakin zaure, bai shigo ba saboda mata. Ya ce liman na jira ya shafa fatiha a sallami baƙi, an cika?

Matarsa ta ce, "An cika, saura kaɗan na Inna babba."

Na ɗaga murya yadda har maza na waje za su ji, na ce, "Ba a cika ba. Ba a ko kama hanyar cikawa ba. Kada ka gaya wa liman abin da ba a yi ba a kan uwarka."

Ya ce, "Inna babba, don Allah, mutane na da nisa."

Na ce, "Su tahi, Allah ya kiyaye hanya. Ladan abin da sunka faɗa yana nan, ba ni ke rabawa ba. Amma lamba ba ta cika ba."

Liman ya shafa fatiha ba a ambaci hailala ba. Baƙi sunka fita, da yawa ba su yi mini sallama ba. Na ji wata na cewa a zaure, mutum ya bar gonarsa ya biyo wannan hanya, a ƙarshe a ce masa maƙaryaci. Ban ce wa kowa maƙaryaci ba, amma ban bi ta na gyara ba. Malama ta tattara kauntocin cikin leda, idonta ya yi ja, ta shige ɗaki. Taubashiyata ta tsaya a kaina ta ce, "Kin kunyata yarinyar da ta wanke ƙanwarki. Ki ji daɗi." Wannan karon ba wasa a muryarta.

Na koma gida da tsinke ashirin da huɗu a bakin zane. Na zauna na dube su. Da gaskiya, ni ma ina bakina yake da zuciyata lokacin da nake faɗarsu? Idona na kan yatsun mutane, raina na tafasa. Na zuba su a murhu. Idan zan ƙi na wasu, ban ga dalilin karɓar nawa ba.

Kwana talatin da biyu ke tsakanina da sadakar arba'in. Dubu saba'in ba ta yarda da talatin da biyu ba, na riga na faɗa, sau huɗu take rabuwa biyu, talatin da biyu kuma sau biyar take so. Ta yarda da ashirin da takwas: dubu biyu da ɗari biyar kullum, tsinke ashirin da biyar, in ɗaure su dami ɗaya da zare. Dami ashirin da takwas, da kwana huɗu a ajiye saboda halin rai.

Haka na yi. Tsinke goma bayan na sallami akuyoyi da safe, goma tsakanin azahar da la'asar, biyar kafin magariba. Mai zuwa sayen daddawa ta tarar ina kai, sai ta jira ƙoƙo ya ƙare. Magana ta zaga unguwa cewa tsohuwa ta ƙi na jama'a ta ɗauki dubu saba'in ita kaɗai don a ce ta fi kowa tsoron Allah. Ɗan ƙanwata ya daina biyowa gaishe ni da safe, sai ya aiko da cefane. Na karɓi cefanen, na ci gaba.

Na ɗaure dami ashirin da biyu, ina jera su a cikin tsohuwar tasa. Washegari zazzaɓin damina ya kwantar da ni. Kwana takwas ban san inda nake ba sosai, ƙirji ya kama, murya ta tafi. Na gwada faɗa a kwance, sai in farka ƙwaya a hannu ban san ko na faɗe ta ko ban faɗa ba. Irin wannan ba ya shiga ƙirga. Ranar da na iya zama da kaina na tambayi maƙwabciyata yau wace rana, ta faɗa mini. Kwana biyu ya rage. Dami shida, dubu goma sha biyar. Ko da lafiyata ban taɓa yin rabin haka a yini ba, balle da wannan ƙirji.

Na zauna da lambar a kaina. Dubu goma sha biyar. Na juya ta, sai na ga ta yarda da uku, abin da uwarta dubu saba'in ta ƙi. Mata uku, kowa dubu biyar, dami ɗaya yau, dami ɗaya gobe.

Na ɗauki sanda. Gida huɗun nan sai da na huta sau biyu. Na tarar da Malama tana tankaɗen garin sadaka, taubashiyata na taya ta, ashe tun ranar nan sunka ƙulla ƙawance. Sunka gaishe ni gaisuwar baƙo.

Na ce, "Ban zo ba da haƙuri ba, abin da na faɗa yana nan. Baki na zo nema. Dami shida ya rage, kwana biyu, ni kuma kun ga yadda nake."

Taubashiyata ta ce, "Au, ashe mai ƙirgan ma tana ƙarewa? Ina cewa ke da mala'iku kuke yi."

Na ce, "Mala'iku ba su cin goro. In za ki zo, ki bar shi gida."

Malama ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tankaɗe har rariya ta ƙare, sannan ta ce, "Gaban baƙi kika yi man, Inna babba. Gaban mijina. Kina iya jawo ni ɗaki."

Na ce, "Ina iyawa, da ba don liman na jira ya shafa fatiha ba."

Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ba don ke zan zo ba."

Na ce, "Ban ce don ni ba."

Sunka zo bayan azahar. Na fito da 'ya'yan tsamiya, kowa ta ƙirga ɗarinta a gabana, na ƙirga nawa a gabansu. Na ce da murya za a yi, yadda ta kusa za ta ji. Munka zauna ƙarƙashin rumfa, ruwa na ɗiga daga bakin kwano, ba mai magana sai kalmar. Tawa muryar kamar ana jan buhu a ƙasa. Taubashiyata ta yi ɗari uku ta ce, "Wai haka abin ga yake da tsawo?" Malama ta riga mu gamawa, ta ɗaure daminta, ta tashi ta dama mini kunu, ta tafi. Ni sai gab da magariba na ɗaure nawa.

Rana ta biyu tun hantsi munka fara, don akwai aikin sadaka na jiransu. Sun gama nasu, sunka zauna jirana. Ina yin ɗari in huta, in sha ruwan ɗumi, in sake. Da la'asar na ajiye tsinke na ashirin da biyar. Taubashiyata ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa hannu ga goronta.

Na ce, "Tukuna. A ƙirga 'ya'yan tsamiya."

Nata ɗari. Na Malama ɗari. Na ƙirga nawa, casa'in da tara. Na sake, casa'in da tara. Malama ta karɓa ta jera su goma goma a faifai, layi na ƙarshe tara. Munka ɗaga tabarma, munka kakkaɓe zane, ba ta. Hannuna na rawa tun ciwon nan, wataƙila ta gangara kaza ta wuce da ita.

Taubashiyata ta riƙe ciki don dariya. "Jama'a ku taho ku gani! Ta hana gari barci a kan lissahi, ga nata da rami!"

Na ce, "Yi dariyarki. Da safe ɗari ta, kun gani da idonku."

Malama ta ce, "To ba a san sa'ad da ta faɗi ba. In a ƙoƙon ƙarshe ta, ɗaya ta rage. In tun na farko ta..."

Na ce, "Ashirin da biyar."

Ta ce, "Ashirin da biyar. Mu raba?"

Na ce ashirin da biyar ba ta yarda da uku ba, kuma ramin nawa ne. Na ware ƙwaya ashirin da biyar na zuba a ƙoƙo. Malama ta matso ta riƙe mini faifan don kada wata ta sake gangarawa, tana ƙirgawa da ido ina faɗa. Muryar ta ɗauke a ta sha tara, na tsaya na yi tari, na sha ruwa, na sake ta sha taran daga farko don ban tabbata ta fita duka ba. Da ta ƙarshe ta sauka a faifai na ɗaure damin, na ɗora a kan sauran. Na sa Malama ta ƙirga su ita ma da hannunta. Ashirin da takwas.

Na ce ta ɗauki tasar ta kai wa mijinta, ta ce masa dubu saba'in ɗin uwarsa ke nan, gobe yana iya faɗa wa liman.